Sana'ar Su: Kamun Tarwaɗa a Tafki da Yadda Kakanni Kan Koyar da Jikoki

1.0 Gabatarwa

Su yana ɗaya daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in Hausawa na gado, kamar noma da farauta da ƙira da jima. A darussan al'ada akan tsaya ne ga lissafa kayan aikin masunta da sarautunsu da bukukuwansu, a bar wata tambaya wadda ta fi shafar mai shirin zama malami, wato ta wace hanya ce ilimin wannan sana'a yake fita daga kan tsoho ya shiga kan yaro, alhali babu allo, babu littafi, babu jarrabawa? Wannan darasi ya ɗauki kifi guda ɗaya, tarwaɗa, da wuri guda ɗaya, bakin tafki, domin a ga yadda tsohon masunci yake renon jikokinsa a kan sana'a, da abin da malamin Hausa zai ɗauka daga wannan reno, da kuma abin da ya kamata ya yi hattara da shi.

1.1 Ma'anar Su da Masu Yin Sa

Idan aka ce su, ana nufin kama kifi da sauran halittun ruwa ta hanyar amfani da wasu kayan aiki da dabaru, domin ci ko sayarwa. Mai yin sa shi ne masunci, mace masunciya, jam'i masunta. A rubuce kalmar ta yi kama da wakilin sunan nan na jam'i, amma a furuci karin sautinta faɗau ne, don haka ya wajaba malami ya furta ta a gaban ɗalibai kafin ya rubuta ta a allo.

Waɗanda suka fi shahara da su a ƙasar Hausa su ne Kabawa da Sarkawa. Sarkawa asalinsu yana komawa ga Sorko, masuntan daular Songhai, waɗanda suka biyo kogin Kwara suka zauna a Kabi da Yawuri, suka zama Hausawa a harshe da al'ada. A wajen Bahaushe, Basarke ya wuce mai kama kifi kawai. Shi ake nema idan ƙayar kifi ta maƙale wa mutum a wuya, shi ake nema idan wani ya nutse, kuma shugabansu, Sarkin Ruwa, shi ne mai ba da izinin shiga ruwan da aka hana shiga. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo sifarsa ta yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai garin a shekarar 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a shekarar 2016, shi ne fuskar sana'ar da kowa ya sani. Amma biki na 'yan kwanaki ne. Sana'ar kanta tana can a bakin tafkuna irin su Kainji da Chadi da Nguru da Tiga, da Madarunfa ta ƙasar Nijar, inda ake yin ta kullum ba kiɗa ba 'yan kallo.

1.2 Tarwaɗa da Danginta

Tarwaɗa kifi ce marar ɓawo, mai santsin jiki, baƙa ko toka-toka a baya, fara a ciki, mai faffaɗan kai mai taurin ƙashi. Tana da gashin baki guda 8, wato tagwaye 4, waɗanda da su take laluben abinci a cikin duhu da taɓo, domin idanunta ƙanana ne. A kowane gefe na ƙirjinta akwai ƙaya mai ƙarfi wadda takan miƙar idan ta ji an kama ta. Danginta na kusa su ne ramboshi, wanda ya fi ta girma kuma yana da wata tsoka a bayansa kusa da wutsiya, da ƙurungu mai ƙayoyi masu zarto, wanda yakan yi gurnani idan an fitar da shi daga ruwa, da ragon ruwa, da minjirya mai jan mutum kamar wutar lantarki idan ya taɓa ta.

Babban abin da ya bambanta tarwaɗa da mafi yawan kifaye shi ne numfashinta. Ban da abin da kowane kifi yake numfashi da shi a cikin ruwa, tana da wata gaɓa a cikin kanta mai kama da rassan itace, wadda take ba ta damar shaƙar iska kai tsaye. Saboda haka takan rayu a ruwan da ya ƙafe ya zama caɓi, takan yi sa'o'i da yawa a waje muddin jikinta da laima, har takan ja ciki da dare a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, tana dogarawa da ƙayoyinta, daga wannan kududdufi zuwa wancan. Ba ta zaɓen abinci: tana cin tana da ƙwari da kwaɗi da ƙananan kifaye da 'ya'yan itace da mushe, har da 'ya'yanta idan ta same su. Da dare ta fi fita kiwo. Da farkon damina, idan ruwa ya fara hawa ya malale ciyayin gefe, sai ta fito cikin ciyawa ta zuba ƙwai masu manne wa ganye, su ƙyanƙyashe cikin yini ɗaya zuwa biyu, ita kuwa ta yi tafiyarta ba ta tsaya renon su ba.

Duk waɗannan halaye suna da alaƙa da batun wannan darasi. Kifin da yake zuwa gefe, yake cin duk abin da aka ba shi, kuma ba ya mutuwa da wuri bayan an kama shi, shi ne ya dace da mai koyo. Giwan ruwa sai a tsakiyar tafki, sai da jirgi da ƙarfin damtse. Tarwaɗa kuwa yaro ɗan shekara 7 yana iya kama ta yana tsaye a ruwa iya gwiwa.

1.3 Dalilin da Ya Sa Kaka Ne Malami

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma a gidan masunta sau da yawa daga hannun kakansa yake fara karɓar gadon. Dalili na farko na aiki ne. Magidanta masu ƙarfi sukan fita da jirgi tun yamma su kwana a ruwa, wasu kuma sukan yi watanni a wasu ruwaye masu nisa, kamar Chadi ko Binuwai ko tafkin Lagdo na ƙasar Kamaru. Wanda ya rage a gida shi ne tsohon da ƙarfinsa ya ja baya, wanda ya bar jan taru ya koma ɗinkin koma a gindin itace da kafa ƙugiya a gefen ruwa. Yana da lokaci, yana da sani, abin da ba shi da shi shi ne ƙafa mai sauri da ido mai kaifi da bayan da zai sunkuya. Waɗannan kuwa su ne jikokinsa suke da su. Ashe ke nan kowa yana bukatar ɗan'uwansa, kuma yaro yakan gane tun da wuri cewa aikin da yake yi na gaske ne, domin idan bai tono tana ba, ba a kafa ƙugiya, idan ba a kafa ƙugiya ba, miyar dare lami ce.

Dalili na biyu na al'ada ne, kuma shi ya fi cancanta a tsaya a kansa. Tsakanin uba da ɗa a al'adar Bahaushe akwai kunya da kara, musamman idan ɗan fari ne, wanda iyaye ba sa ko kiran sunansa. Ɗa ba ya zama ya yi ta jera wa ubansa tambayoyi, uba kuma umurni ya fi bayarwa a kan bayani. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne. Tsoho yakan kira jikarsa matarsa ko amaryarsa, ya kira jikansa abokinsa ko takwaransa, ko ya ce da shi ɓarawon da ke neman ƙwace masa mata. Jika yana da 'yancin ya ja masa gemu, ya yi masa dariya idan ya yi kuskure, ya tambaye shi abu ɗaya sau goma. Wannan wasa shi ne yake kawar da tsoro, kuma inda babu tsoro a nan tambaya take fitowa. Irin zancen da akan ji a bakin tafki shi ne kamar haka:

"Kaka, jiya a gindin ciyawar can muka kafa, yau me ya kawo mu nan?"

"Kai dai raggon maza, idonka na kan tuwon amaryata. Je ka duba karan da muka soka jiya, ka gaya mini inda ruwa ya tsaya."

"Ya sauka, Kaka. Ya kai taƙi ɗaya."

"To, kai da kake tarwaɗa, ka zauna inda bayanka zai fito rana?"

A nan tsohon bai ba da amsa ba. Ya aiki yaron ya auno, sannan ya sa shi ya ɗauki kansa a matsayin kifin, ya fitar da amsar da kansa. Zagin da ke ciki ma na wasa ne, yaron ya san haka, kuma zai rama kafin a koma gida. Da uba ne ya furta waɗannan kalmomi, da nauyinsu ya bambanta.

1.4 Daga Tonon Tana Zuwa Banda

Koyon yakan fara ne a tudu. Aikin farko da ake ba yaro shi ne neman ƙoto, wato abincin da ake maƙala wa ƙugiya domin ya yaudari kifi. Zai koyi inda ake samun tana a ƙasa mai damshi, da yadda ake fasa suri a ɗebo gara, da tara hanjin kaza da ƙananan kwaɗi da katantanwa. Wasu masunta har sabulun wanki sukan yanka ƙanana su maƙala, tarwaɗa kuwa ta ci. Daga nan sai ɗaurin ƙugiya, wanda yaro zai yi ta maimaitawa har yatsunsa su saba, tsohon yana jan kowane ƙulli da ƙarfi ya ga ko zai kwance. Wanda ya kwance ba a yi masa faɗa, akan dai miƙa masa zaren ya sake.

Kayan aikin farko da yaro yake mallaka shi ne fatsa: sanda, da zare, da ƙugiya ɗaya, da guntun totuwar kara da ake ɗaurawa a tsakiyar zaren ta riƙa yawo a kan ruwa. Darasin fatsa darasin haƙuri ne da lura. Idan totuwar tana rawa kaɗan-kaɗan, ƙananan karfasa ne suke tsakurar ƙoton. Idan ta nutse gaba ɗaya ta yi gefe, tarwaɗa ce, domin ita haɗiyewa take yi ta juya. Yaron da ya fizga da wuri ya rasa, wanda ya yi jinkiri kuma sai an tsaga kifin kafin a ciro ƙugiyar. Babu yawan bayanin da zai koya masa daidai lokacin, sai ya rasa kifi biyar ko goma tukuna, kuma tsohon yakan bar shi ya rasa su.

Bayan fatsa sai kafe. Da la'asar tsoho da jikokinsa sukan bi gefen tafki suna soka sanduna a taɓo, kowace da gajeren zare da ƙugiya mai ƙoto, a bar su su kwana, a dawo da asuba a duba. A nan ne ake koyon karanta ruwa. Tsohon zai nuna musu inda kumfa take tasowa, da inda ruwa ya gurɓace alhali babu iska, da inda ake jin ƙarar tarwaɗa tana fitowa shaƙar iska da magariba, da inda zalɓe ya saba tsayawa. Zai gaya musu cewa daren duhu ya fi daren farin wata kamu, kamar yadda masunta suka yi ittifaƙi a kai. Kowane tafki kuma da halinsa. Tafkin Kainji, alal misali, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwan a shekarar 1968, yana samun cikowa sau biyu. Akwai farin ruwa mai laka, na ruwan saman da aka yi a kusa, wanda yake zuwa a ƙarshen damina. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan ƙasar Gini, ya yi watanni a hanya har lakarsa ta kwanta, ya iso da hunturu. Yaron da ya tashi a Yawuri ya san waɗannan ruwaye biyu da idonsa tun kafin ya ji sunan Gini a aji.

Akwai kuma gura, wani tarko mai kama da kwando da ake yi da sassauƙan itace a lulluɓe da raga, mai ƙofofin da kifi yake shiga ya kasa fita, wanda ake zuba wa dafaffiyar dusa a ciki. Ɗaukar gura da zuba mata dusa da zazzage ta aikin yara ne. Mamari kuwa, wato doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a jere kusa da kusa, wadda ake shimfiɗawa a ƙasan ruwa ba ƙoto, ta riƙa cafke kifaye marasa ɓawo idan sun gifta, ba a barin ƙaramin yaro ya taɓa ta, domin yadda take kama tarwaɗa haka take kama hannu da ƙafa. Birgi, komar da ake jefawa ta buɗe kamar laima, sai yaro ya tasa ya yi ƙarfin kafaɗa. Kalli da taru da shiga jirgi zuwa tsakiya su ne na ƙarshe, kuma a lokacin ne yakan koma hannun ubansa. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa an tsara shi ne bisa gwargwadon haɗari da ƙarfin jiki, daga tudu zuwa gefe, daga gefe zuwa zurfi.

Kama tarwaɗa da hannu ma ilimi ne. Santsinta ya sa ba ta riƙuwa a tsakiya, ƙayoyinta kuma sukan huda tafin hannu su bar rauni mai zafi da kumburi. Akan koya wa yaro ya danne kanta daga sama, ya sa yatsunsa a bayan ƙayoyin biyu yadda ba za ta iya juyawa ba, sannan a buge ta da kulki a ka. Minjirya kuwa, akwai tsofaffin da sukan bar jika ya taɓa ƙaramarta sau ɗaya, a yi dariya, daga ranar ba ya sake mance kamanninta. Yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Idan an dawo gida sai aiki ya koma hannun kaka mace da jikokinta mata. Su ne masu goge santsin da toka ko ruwan zafi, su fasa ciki, su ware na miya da na sayarwa. Abin da ba za a ci ko a sayar a ranar ba sai a yi bandarsa. Akan lanƙwasa tarwaɗa a haɗa kanta da wutsiyarta ta zama kamar gammo, a jera a kan waya bisa murhun ƙasa ko rabin gangar ƙarfe, a sa mata wuta marar harshe mai yawan hayaƙi, ana juyawa har ta bushe. Idan wuta ta yi yawa kifin ya ƙone a waje ya bar ɗanye a ciki, idan ta yi kaɗan ya ruɓe. Yarinya takan koyi gane wanda ya bandu ta hanyar nauyinsa a hannu da ƙarar da yake yi idan an ƙwanƙwasa shi. A nan kuma take koyon ƙirga da kasa kifi kashi-kashi da ciniki.

Wani darasin da ba a ware masa lokaci, amma yana cikin kowace fita, shi ne na abin da ba a yi. Ba a ɗaga gurar wani ko a duba ƙugiyarsa, ko da an ga kifi yana motsi a ciki. Ba a shiga ruwan da Sarkin Ruwa ya rufe sai ranar da aka buɗe shi. Ɗan ƙaramin kifi akan mayar da shi. Wanda ya zo wucewa ya tarar ana fitar da kamu akan ba shi na miya. Game da iskokin ruwa da wuraren da aka ce ba a zuwa da tsakar rana ko da almuru, ɗalibin al'ada zai lura cewa sau da yawa wuraren nan su ne masu zurfi ko masu dorina da kada, ta yadda camfin yake aikin shinge ga yaron da ba zai ji gargaɗin baki ba.

1.5 Sauye-sauyen Zamani

Ruwayen da wannan tarbiyya ta dogara a kansu sun sauya ƙwarai. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarar 1963, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 bayan fare-faren shekarun 1970 da 1980, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Da buɗaɗɗen ruwa ya koma fadama, sai kifayen zurfi irin su giwan ruwa da tsage suka ja baya, masu jure ƙarancin iska irin su tarwaɗa da karfasa da gaiwa suka rinjaya, har bandar tarwaɗa ta zama babbar hajar da ake ɗauka daga Baga zuwa Maiduguri, daga can zuwa kasuwannin kudu irin su Anaca. Rikicin Boko Haram, musamman harin da aka kai Baga a watan Janairun 2015, ya tarwatsa dubban iyalan masunta, ya raba tsofaffi da ruwan da suka sani. A yankin Haɗeja da Nguru kuma, madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya yadda ambaliya take zuwa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Ilimin tsohon masunci ilimin wani ruwa ne takamaimai, da lungunansa da lokutansa. Idan ruwan ya sauya ko aka raba shi da shi, rabin abin da zai koya wa jikansa ya tashi aiki.

Hanyoyin kamu ma sun sauya. Tun da can akwai masu zuba magimfa a kududdufi don kifi ya bugu, amma zuwan magungunan ƙwari irin su Gamalin ya mai da abin ɓarna mai kashe babba da ƙarami, ta kuma cutar da mai ci. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta shekarar 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya a Nijeriya, ta kuma ƙayyade faɗin idon koma, amma har gidan sauro wasu sukan ja a ruwa su kwashe 'ya'yan kifi. A ɗaya gefen kuma, mafi yawan tarwaɗar da ake farfesu da ita a birane ta kiwo ce, wadda aka ƙyanƙyashe aka rena a kwatami ko tankin roba, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen kiwon wannan nau'in kifi. Kiwo sana'a ce mai kyau, ta samar wa matasa da yawa abin yi, sai dai mai kiwo ba ya bukatar sanin mamari ko gura ko baƙin ruwa. Kalmomin nan suna raye ne a bakin masu aiki da su, kuma yawancin waɗanda suka san su duka tsofaffi ne.

1.6 Abin da Ya Shafi Malamin Hausa

Ƙa'idojin koyarwa da ɗalibi yake haddacewa a darasin ilimi, kamar farawa daga mai sauƙi zuwa mai wuya, da daga abin da aka sani zuwa wanda ba a sani ba, da barin mai koyo ya yi da hannunsa, duk ga su a aikace a bakin tafki. Abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi ne sakin jikin da ke tsakanin kaka da jika. Malamin aji ba kakan ɗalibansa ba ne, kuma ba a neman ya zubar da girmansa, amma ajin da yaro yake tsoron ɗaga hannu ya fi kama da zaman ɗan fari a gaban ubansa, kuma an ga dalilin da ya sa masunta ba su ɗora farkon koyo a kan wannan zama ba.

Ta fuskar harshe, sana'ar su taska ce. Daga cikinta malami zai sami misalan karin sauti da jinsi, kamar gora na duma, wanda masunci yake hawa ya yi iyo ya kuma zuba kifi a ciki, da gora ta sanda, wadda ake tura jirgi da ita: na farko namiji ne, ta biyu mace, kuma karin sautinsu ya bambanta. Zai sami misalin harɗaɗɗen suna a giwan ruwa, inda aka yi amfani da mahaɗin namiji alhali giwa mace ce. Zai sami karin magana irin su kifi na ganinka mai jar koma, da salon magana irin su kifin rijiya, waɗanda ba sa fita sosai ga yaron da bai taɓa ganin koma ba sai an kawo ta aji ko an zana ta. Zai kuma tarar cewa sunan kifi ɗaya yakan bambanta tsakanin Argungu da Haɗeja da Baga. A irin wannan hali kuskure ne malami ya ce wa ɗan masunta sunan da ya zo da shi daga gida ba daidai ba ne don kawai ba shi ne ke cikin littafi ba. Abin da ya dace shi ne a rubuta duka biyun a allo, a faɗi inda ake amfani da kowanne.

Amma wannan tarbiyya tana da giɓinta, kuma malamin da aka tura ƙauyen masunta zai ci karo da shi tun makon farko. Lokacin duba ƙugiya da zazzage gura shi ne lokacin tafiya makaranta, kuma idan kamu ya yi kyau aji yakan zama rabi. Saboda irin wannan matsala ce aka faɗaɗa aikin Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1989, ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura. Malamin da ya je ya gaida tsofaffin gari, ya nemi a riƙa sallamar yara da wuri, ya kuma gayyaci ɗaya daga cikinsu ya zo aji ya nuna ɗinkin koma, ya fi samun haɗin kai a kan wanda ya tsaya da bulala a ƙofar makaranta. Akwai kuma abin da tsohon bai sani ba, wanda malami ya sani. Tsargiya, wato fitsarin jini, wadda a wasu ƙauyuka ake ɗauka alamar balagar ɗa namiji ce, cuta ce da wata tsutsa take haddasawa. Tsutsar tana girma a jikin katantanwar ruwa, ta fito ta huda fatar mai tsayawa a gefen tafki, wato daidai wurin da yara suke fatsa da kafe. Tana da magani a asibiti, kuma idan aka bar ta takan lalata mafitsara da ƙoda. Haka nan layar da aka ɗaura wa yaro a damtse ba ta hana jirgi kifewa, don haka maganar rigar kariya daga nutsewa da rage lodin jirgi tana cikin abin da malami zai riƙa faɗa wa yara da iyayensu, cikin ladabi, ba tare da ya ƙaryata kakan yaro a gaban jikansa ba.

1.7 Aikin Yi

1. Ɗalibi ya bayyana halayen tarwaɗa guda uku da suka sa ta dace da mai koyon su, ya danganta kowanne da kayan aikin da ake kama ta da shi.

2. A kwatanta dangantakar uba da ɗa da ta kaka da jika a al'adar Bahaushe, a nuna tasirin kowacce ga koyon wata sana'ar gado ban da su.

3. Ɗalibi ya ziyarci wani tsohon masunci ko mai sayar da kifi a yankinsu, ya tattaro sunayen kifaye 15 da kayan aiki 10 kamar yadda aka furta masa su, ya nuna jinsin kowace kalma da jam'inta idan tana da shi, sannan ya tsara darasin minti 35 a kansu domin 'yan aji 5 na firamare.